DAIDAITO KO DABAIBAYI?

(Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin malaman makarantarmu ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙarshen shekara, wanda ƙungiya ta shirya a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)

 

Da aka ce in yi magana a yau, na san wasu sun zaci zan zo da lissafin waɗanda suka ci jarrabawa da waɗanda suka faɗi. Wannan yana hannun hedimasta, zai karanto shi in na zauna. Ni labari na zo da shi. Ƙagaggen labari ne, ɗan gajere, wanda mai karatu zai gama shi kafin shayi ya huce, amma tun ranar da na karanta shi bai bar ni ba. Ina roƙon iyayenmu su yi haƙuri da ni, su saurara har ƙarshe, domin kuwa wutsiyar labarin ta taɓa mu.

Wanda ya rubuta shi wani Ba'amurke ne mai suna Kurt Vonnegut. An haife shi a 1922, ya rasu a 2007. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka kama shi, suka tsare shi a birnin Dresden. Yana ɓoye a ɗakin ajiyar nama na wata mahauta, ƙarƙashin ƙasa, lokacin da jiragen yaƙi suka ƙone birnin a watan Fabrairu na 1945. Wato dai mutum ne da ya ga abin da hukuma ke iya aikatawa in ta sa kanta. Sunan labarin Harrison Bergeron, an fara buga shi a wata mujalla a Amurka a 1961.

Irin wannan rubutu yana da nasa gida a adabin Turawa. Marubuci zai ɗauki wani abu da ya ga jama'a na so, ko suna tsoro, ya ja shi har iyakarsa, ya ajiye shi a wani zamani mai zuwa, sa'an nan ya ce da mai karatu, to, ga inda hanyar nan za ta kai ku. Ba duba ba ne, gargaɗi ne. Mu kira shi labarin mugun zamani.

Ga yadda nasa yake. Shekara ta 2081 ce, a ƙasar Amurka. An yi wa tsarin mulki gyara na 211 da na 212 da na 213, waɗanda suka wajabta cewa kowa ya zama daidai da kowa. Ba a gaban alƙali kaɗai ba, a'a, har a ƙwaƙwalwa, da ƙarfi, da kyawun fuska. To, tun da yake babu dokar da za ta mai da daƙiƙi haziƙi, sai aka bi ta ɗaya hanyar, wato a jawo haziƙin ƙasa. Aka kafa hukuma ta musamman, aka ɗora wata mata a kanta mai suna Diana Moon Glampers. Muƙamin da marubucin ya ba ta daga filin sukuwa ya aro shi, inda akan ƙara wa dokin da ya fi gudu nauyi don sauran su sami damar cim masa. Mu a Hausance sai mu ce Shugabar Hukumar Dabaibayi.

Kowa da irin dabaibayinsa. Mai ƙarfi a rataya masa nauyi. Mai kyau a rufe mata fuska da wani mummunan abu. Mai kaifin tunani kuwa a liƙa masa 'yar rediyo a kunne, wadda doka ta hana shi cirewa, kuma kusan kowace daƙiƙa 20 gidan rediyon gwamnati zai aiko masa da wata muguwar ƙara, ko jiniya, ko harbin igwa, ko karon motoci, don ta tarwatsa abin da ya fara tunani.

Labarin ya shigar da mu ɗakin wasu ma'aurata, George da matarsa Hazel, suna kallon talabijin. Ita Hazel ba ta da dabaibayi, domin tunaninta ba ya nisa. Shi George yana da rediyon kunne, ga kuma jakar ƙwallayen dalma rataye a wuyansa, an sa mata kwaɗo. Nauyinta ya kai kilo 21, wato kamar mutum ya rataya jarkar ruwa mai lita 20 a wuya, ya kwana da ita ya tashi da ita. Matar ta ji tausayinsa, ta ba shi shawara ya ɗan huda jakar ya rage kaɗan in yana gida, wa zai sani? Ya ƙi. Dalili na farko shi ne doka, domin kowace ƙwallo ɗaya da mutum ya cire, ɗaurin shekara 2 ne da tarar dala 2,000. Dalili na biyu shi ya fi ba ni tsoro: George ya yarda da abin. A ganinsa in kowa ya fara rage nasa, za a koma zamanin da mutane ke gasa da juna, shi kuwa ba ya son haka.

Waɗannan bayin Allah suna da ɗa, shi ne Harrison, ɗan shekara 14, wanda hukuma ta zo ta tafi da shi. Yaron tsawonsa ƙafa 7 ne, ga basira, ga ƙarfi, ga kyau. Saboda haka aka jibga masa ƙarafa masu nauyin kusan kilo 136, ku ƙiyasta buhun siminti kusan uku. Aka sa masa tabarau mai karkatar da gani da sa ciwon kai, aka aske masa gira, aka liƙa masa jar ƙwallon roba a hanci, aka baƙanta wasu haƙoransa.

Iyayen na cikin kallon 'yan rawa a talabijin, su ma 'yan rawar ɗauke da nauyi, fuskokinsu a rufe, sai aka katse shirin da sanarwa cewa Harrison ya tsere daga kurkuku. Kafin a ankara sai ga shi ya ɓalle ƙofa ya shigo gidan talabijin ɗin, ƙasa duka na kallo. Ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Ya tsittsinka ƙarafan jikinsa ya watsar. Wata 'yar rawa ta tashi ta bi shi, ya cire mata nata, sai ga kyakkyawa ta gaban kwatance. Ya cire wa makaɗa nasu, suka yi kiɗa irin wanda aka daɗe ba a ji ba, su biyun suka yi ta rawa suna tsalle har suna taɓa rufin ɗaki. Ana cikin haka Shugabar Hukuma ta shigo da bindiga mai baki biyu, ta yi harbi sau biyu, su duka suka faɗo matattu. Ta juya kan makaɗa ta ba su daƙiƙa 10 su mai da dabaibayinsu.

To, jama'a, ku saurari ƙarshen. George ya ɗan fita ɗauko abin sha. Da ya dawo ya tarar da hawaye a fuskar matarsa, ya tambaye ta abin da ya faru. Ba ta iya tunawa ba. Ta dai san ta ga wani abin baƙin ciki a talabijin. Ya lallashe ta, ƙara ta sake tashi a kunnensa, shi ke nan. An kashe ɗansu a gaban idon uwarsa, kafin minti ɗaya babu wanda ya san an yi.

Vonnegut ba shi ne farkon mai irin wannan rubutu ba. Tun wajen 1920 zuwa 1921 wani ɗan Rasha, Yevgeny Zamyatin, ya rubuta littafi wanda ma'anar sunansa ita ce "Mu". A ƙasar da ya ƙaga babu mai suna, kowa lamba gare shi, jarumin ma D-503 ake ce masa. Gidajensu na gilashi ne don kada wani ya ɓoye komai, lokacin barci da na cin abinci ɗaya ne ga kowa. Hukumar Tarayyar Sobiyet ta hana buga shi, sai a Amurka ya fara fitowa da Turanci a 1924, bai kuma fito a ƙasar marubucin ba sai 1988. Akwai kuma wanda da yawa daga cikin iyayenmu suka sani, wato Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell na 1945, wadda aka buga a nan Ibadan a 1975. Dabbobi suka kori mai gandu da sunan daidaito, a ƙarshe aladu suka koma cikin gidan suna kwana a kan gado.

Kada wani ya ce ai duk tatsuniya ce. A watan Afrilu na 1975 'yan Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot suka kama mulki a Kambodiya. Suka kori mutanen babban birni zuwa gonaki, suka soke kuɗi, suka sa kowa baƙaƙen tufafi iri ɗaya, abinci ma a taru a ci wuri ɗaya. Malami da likita da mai jin harshen waje suka zama abin farauta. Kafin a kore su a watan Janairu na 1979, mutane tsakanin miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun hallaka, a ƙasar da jama'arta ba su wuce wajen miliyan 8 ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya tsai da ni a gabanku. Wani zai ji wannan labari ya ce, to, ashe daidaito mugun abu ne, kowa tasa ta fisshe shi. Wanda ya fahimci haka ya yi kuskure, kuma mu mazauna Sabo mu ne ya fi kamata mu gane kuskuren. Tun 1916 aka kafa unguwar nan. A cikinmu akwai wanda kakansa a nan aka yanke masa cibiya, amma in ya je neman wata takarda sai an tambaye shi asalin jiharsa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. In muka tashi muna neman a cika mana wannan alkawari, daidaito muke nema. Saboda haka ba ni ne zan zagi daidaito ba.

Shi kansa marubucin bai yarda a yi wa labarinsa wannan fassara ba. A 2005 wasu lauyoyi sun kafa hujja da labarin a Kotun Ƙoli ta jihar Kansas, a wata shari'a kan kuɗin makarantu, suna so su nuna cewa ba laifi ba ne makarantun yankunan masu hali su fi na talakawa samun kuɗi. Da 'yan jarida suka tuntuɓe shi, ya nuna cewa labarinsa a kan basira da baiwa yake, dukiya kuwa ba shaidar ko ɗaya daga cikinsu ba ce.

Abin da na fahimta shi ne daidaito iri biyu ne, sunansu ɗaya amma halinsu daban. Akwai wanda ke sa wa gajere tsani don ya kai inda dogo ya kai. Makaranta ga ɗan talaka, asibiti ga kowa, alƙalin da ba ya duban rigar mai ƙara, duk wannan ne. Akwai kuma wanda ke sare wa dogo ƙafa. Na farko yana da tsada, yana cin shekaru, sai an gina aji an biya malami. Na biyu kuwa araha ne, kwaɗo da jakar dalma sun isa. Shi ya sa mai mulki malalaci, ko mai mugun nufi, ya fi son na biyu. A duk labarin nan ba a nuna mana hukuma ta ƙara wa Hazel komai ba. Ba a koya mata karatu ba, ba a buɗe mata ido ba. An dai lalata mijinta da ɗanta don kada ta ji an fi ta. To, me ta ƙaru da shi?

Iyayenmu 'yan goro za su fi ni gane wannan. In an buɗe huhu akan ware marsa daban, minu daban. A ce hukuma ta yi doka cewa dole kowane goro ya zama girmansa ɗaya. Minu ba zai ƙara girma ba, sai dai a ɗauki wuƙa a fere marsa. Kun san abin da ke samun goron da wuƙa ta taɓa, kafin la'asar ya sake launi, babu mai saye. An rasa marsa, minu kuma yana nan yadda yake.

Da wannan ma'auni ya kamata mu auna tsare-tsaren da muke muhawara a kansu a ƙasar nan, kamar rabon guraben makarantun tarayya, inda makin shiga ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Manufar ita ce kada a bar wani yanki a baya, wannan kuwa niyya ce mai kyau. Amma in shekaru suka yi ta wucewa ana rage wa yaro maki, ba a gyara firamaren da ya fito ba, to an ɓoye ciwon ne, ba a warkar da shi ba. Mu nemi tsani, kada mu gamsu da a rage tsawon bango a takarda.

Akwai wasu abubuwa guda uku a labarin da nake so ku riƙe. Na farko, marubucin bai nuna mana Shugabar Hukuma ɗauke da wata jaka ko rediyon kunne ba. Abin da ya nuna a hannunta bindiga ce. Duk inda aka ce za a daidaita mutane da ƙarfi, dole a sami mai daidaitawa, shi kuwa ya riga ya fi kowa. Bambancin bai gushe ba, an tattara shi ne a hannun mutum ɗaya.

Na biyu, ku lura da abin da Harrison ya fara yi da ya sami kansa. Bai ce a kwance wa jama'a dabaibayi ba. Sarauta ya naɗa wa kansa, ya ce kowa ya bi umurninsa. Ina ganin da gangan marubucin ya yi haka. Ku ɗalibai masu zuwa na ɗaya, da ku nake. Baiwa amana ce. Wanda ya fi 'yan'uwansa ilmi ko dukiya, ya mai da abin sandar dukansu, shi ke sa mutane su fara sha'awar dabaibayi.

Na uku shi ne 'yar rediyon kunne. Hukumar ba ta buƙaci ta ƙone littattafai ba, ta dai hana mutum ya yi tunani mai tsawo. Wanda ba ya iya riƙe tunani na daƙiƙa 20 ba zai iya riƙe baƙin ciki ba, balle ya tambayi wanda ya jawo shi. A labarin tilas aka yi wa George. Mu kuwa da kuɗinmu muke sayen tamu, mu sa mata kati, tana ƙara a aljihu dare da rana. Na sha ganin yaro ya buɗe littafi, kafin ya gama shafi ɗaya ya duba waya sau biyar. Ban ce a jefar da waya ba, da ita muke ciniki da zumunci. Amma a ware sa'a ɗaya ko biyu a gida da za a kashe ta, har da ta maigida.

Daga ƙarshe, ku gafarce ni in faɗi mai ɗaci. Babu wata hukumar dabaibayi a Sabo, amma aikinta bai tsaya ba, mu muke yi mata kyauta. Shekarun baya ina da wani ɗalibi, ba zan faɗi sunansa ba, wanda lissafi ke masa sauƙi kamar shan ruwa. Kwatsam sai makinsa ya fara sauka. Da na duba takardarsa sai na ga ya bi hanya daidai tun daga farko, a layin ƙarshe ne yake rubuta amsar da ba ita ba. Na kira shi gefe na matsa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in na cinye duka ba sa tafiya gida da ni." Yaro ɗan shekara 12 ya ɗinka wa kansa jakar dalma, ya rataya, don ya sami abokan tafiya. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Su waɗancan yaran a ina suka koya? A wajenmu. Mu ne in ɗan'uwa ya buɗe shago na biyu sai a fara raɗa a kan inda ya samo kuɗi. Mu ne in yarinya ta zo ta ɗaya sai a ce karatun ya isa haka, kada ta fi ƙarfin miji. Mu ne in saurayi ya kawo sabuwar shawara a taro sai a ce yaushe aka haife shi. Na san dalilin da ya sa muke son tafiya da murya ɗaya. Zaman baƙunci ya koya mana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa gaskiya ne. Amma haɗin kai daban, zama iri ɗaya daban. Hannu ma yatsunsa ba tsawo ɗaya ba ne, da haka yake iya damƙa. Ranar da za mu buƙaci lauya ko likita ko injiniya daga cikinmu, yaron da muka danne jiya shi za mu nema, mu tarar ba ya nan.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga iyaye, in Allah ya ba ɗanku ko 'yarku wata baiwa, ko ta karatu ce, ko ta sana'ar hannu, ko ta ciniki, ku yaba a fili, ku kuma yaba wa ɗan maƙwabci kamar naku. Ga ƙungiya, ina ba da shawara a riƙa darasin yamma kyauta ga yaran da aka bari a baya, waɗanda suka yi gaba su riƙa koya musu, ni ma ga ni, zan ba da yammacin Asabar. Ta haka na gaba bai tsaya ba, na baya kuma ya matso. Ga ɗalibai kuwa, kada wanda ya sake rubuta amsar da ya san ba ita ba ce don a so shi. In ka san amsa ka rubuta, in an tashi ka koya wa abokinka.

Shekara ta 2081 ba ta da nisa kamar yadda take a 1961. Yaran da ke zaune a kan tabarmar nan ta gaba, in Allah ya ja kwana, da yawansu za su gan ta da furfura. Irin unguwar da za su tarar a lokacin ya danganta da abin da muka rataya musu a wuya a yau.

 Inda na yi kuskure a yafe mini. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.